Rijiya ta bayar, guga ya hana: yadda rajistar rumbun mujallu ta kaya a wani laburaren jami'a a Abuja

A watan Janairun 2023 laburaren da nake aiki, a wata jami'a mai zaman kanta da ke Abuja, ya biya kuɗin shiga wani babban rumbun mujallun bincike na ƙasar waje na shekara guda. Ni ne mai kula da ɗakin kwamfutoci, don haka ni aka damƙa wa amanarsa. Bayan wata goma sha huɗu muka bar rajistar ta mutu muna ji muna gani. Abin da ya faru tsakanin biyan da barin shi zan zayyana a nan, ko zai amfani abokan aiki da ke shirin sa hannu a irin wannan takarda. Ba zan faɗi sunan jami'ar ko na kamfanin ba. Ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma yawancin kurakuran namu ne, wasu ma nawa ne ni kaɗai.

Yadda aka kai ga biya

Tsakani da Allah, tsoron baƙi ne ya sa muka saya. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana turo tawagar farfesoshi lokaci-lokaci su tantance kowane kwas, kuma laburare na cikin abubuwan da suke ba wa maki: yawan littattafai, sabuntarsu, mujallu, da rumbunan intanet da jami'a ta yi rajista da su. Kwas ɗin da ya faɗi warwas ana iya hana shi ɗaukar sabbin ɗalibai, wanda a jami'ar kuɗi daidai yake da shaƙe mata wuya. Muna da kwasa-kwasan da za a duba a farkon shekarar, sai ga mutanen da ba su taɓa taka ƙofarmu ba suna leƙowa suna tambayar lafiyar laburare.

Jami'o'in gwamnati suna da TETFund, asusun da dokar 2011 ta tsara, wanda ke ware musu kuɗin bunƙasa laburare daga harajin da kamfanoni ke biya. Mu ba ma cikin wannan rabo. Duk sisin da muka kashe daga kuɗin makarantar ɗalibai ya fito, kuma ma'ajin jami'a ba ya bari mu manta da hakan.

Abin da ake kira rumbun bayanai ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambancewa ya sha jefa shugabanni cikin ruɗu. Akwai na mawallafi, inda kamfani ke sayar da mujallunsa na kansa, kamar ScienceDirect na Elsevier ko IEEE Xplore na injiniyoyi. Akwai na dillali, wanda ke tattaro mujallu daga mawallafa daban-daban ya haɗa su a kwando ɗaya, irin su EBSCOhost da ProQuest. Sai kuma na ƙididdiga, irin su Scopus da Web of Science, waɗanda za su gaya maka wa ya rubuta me, wa ya ambaci wa, amma maƙalar kanta sai ka neme ta wani wurin. Namu na dillali ne. Ya fi sauƙin kuɗi, kuma jerin mujallunsa yana da tsawon da zai burge baƙo.

Yarjejeniyar shafuka ne masu yawa da ƙananan haruffa. Hajiya, shugabar laburarenmu, ta ba ni ta ce in duba. Na duba farashi, na duba ranar farawa da ranar ƙarewa, na ce komai lafiya. Abubuwa biyu da ke ciki sai daga baya na gane nauyinsu. Na farko, wasu daga cikin manyan mujallun suna da takunkumi: mawallafin ba ya barin dillali ya saki sabon fitowa sai ya kwana biyu, galibi shekara guda. Na biyu, haya muka kama. Ranar da kuɗinmu ya ƙare ko shafi ɗaya ba zai rage a hannunmu ba, saɓanin mujallar takarda da ko ka daina saye tsofaffin suna nan kan kanta. Akwai abu na uku, amma shi ko ganinsa ban yi ba sai watan Yuli.

Wakilin kamfanin ya nemi adireshin IP na jami'a, wato lambar da intanet ɗinmu ke fita da ita, muka karɓo daga sashen fasaha muka tura. Ma'anarsa, duk kwamfutar da ke kan layin jami'a rumbun zai gane ta ya buɗe mata ba tare da kalmar sirri ba. Muka gwada, ya buɗe. Muka buga sanarwa muka manna a allo.

Ranar da baƙi suka zo an share ɗakin tas, an tayar da janareta tun da sassafe, kowace kwamfuta na nuna shafin rumbun. Wani dattijon farfesa daga cikin tawagar ya ja kujera ya zauna, ya rubuta sunan wata mujalla ta fanninsa, ta fito, ya buɗe maƙala guda, ya gyaɗa kai ya yi rubutu a takardarsa. Bai fi minti biyar ba. Kwasa-kwasanmu suka tsallake. Idan wannan kaɗai aka saya dominsa, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu tun a watan Maris.

Shirun da ya biyo baya

Daga nan ban ƙara jin ɗuriyar rumbun a bakin kowa ba. Babu yabo, babu ƙorafi. Ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin lafiya.

Wata ranar Talata cikin Yuli wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta shigo ofishina da waya a hannu, fuskar wayar ta tsage ta gefe. Daga Mararraba take zuwa. Duk wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san abin da hakan ke nufi, ga shi tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, har ta koma zuwa makaranta ranakun da take da lacca kawai. Kundinta da dare take rubutawa a gida, bayan an gama kwaramniya.

Ta ce, "Malam, an ce makaranta ta biya mana mujallu, amma ni ko yaushe na shiga sai a ce in kawo dala."

Ta miƙo wayar. Ta samo maƙalar ta Google Scholar, shafin Google na neman maƙalolin bincike, ta latsa, ya kai ta shafin mawallafi, ga taƙaitaccen bayani, ga farashi a ƙasa, dala talatin da wani abu. Na yi mata bayani cikin isa irin ta wanda ya san aikinsa, cewa sai tana kan intanet ɗin makaranta, da datarta ba zai buɗe ba ko da tana zaune cikin laburaren ne. Ta ce to ita da take karatu ƙarfe goma na dare fa? Ban da amsa, sai na ce ta zo in nuna mata a kwamfutarmu.

Muka zauna. Na shiga shafin rumbun. Maimakon sunan jami'armu da ya saba fitowa a sama, sai ga akwati yana neman suna da kalmar sirri. Na koma kwamfuta ta biyu, haka. Ta uku, haka. Yarinyar tana tsaye a bayana ba ta ce uffan ba, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar na gano bakin zaren. A watan Mayu jami'a ta sauya kamfanin da ke ba ta intanet, adireshin IP ya canza, sashen fasaha ba su san akwai wani abu da ya rataya a kan tsohuwar lambar ba, ni ma ban san an sauya ba. Rumbun da muka biya da dala ya yi wajen mako bakwai a kulle, kuma a duk faɗin jami'ar mutum ɗaya ne ya lura kafin wannan yarinya. Shi ma, wani malamin tattalin arziki da zan dawo kansa, ya zaci kuɗin ne ya ƙare, ya ga ba sabon abu ba ne, ya yi shiru.

Gyaran bai ɗauki kwana biyu ba, saƙo ɗaya ne zuwa ga kamfanin da sabuwar lamba. A cikin amsarsu ne suka tambaya, cikin ladabi, ko muna so su kunna mana shiga daga wajen makaranta da suna da kalmar sirri, tunda yana cikin abin da muka biya. Na koma na buɗe yarjejeniyar. Yana nan, a shafin da ban kai ba. Wata shida ɗalibanmu na Kubwa da Lugbe da Mararraba suna da ƙofa, makullin yana cikin durowata.

Abin da lissafi ya nuna

Kusan duk manyan rumbuna suna bin wani ma'auni da ake kira COUNTER, wanda mawallafa da ma'aikatan laburare suka amince da shi tun farkon shekarun 2000. Mai kula da rajista yana iya shiga ya sauke rahoto wata-wata: sau nawa aka yi bincike, maƙala nawa aka buɗe, daga wace mujalla. Ban taɓa sauke namu ba sai a wannan mako. Watan Maris ya yi kyau, amma na san ni da abokan aikina ne muke ta gwaji saboda baƙi. Afrilu ya sauko. Yuni sifili ne. Da na ware namu na gwaji, abin da ya rage kusan rabinsa daga mujallun fanni ɗaya yake, kuma ba sai an gaya mini ofishin da ya fito ba.

Muka yi abin da ya kamata a yi tun Janairu. Muka raba kalmar sirri ta hannun shugabannin sassa, na bi azuzuwan koyar da dabarun bincike ina roƙon malamai su ba ni minti ashirin. A nan na ga wani abin da ban yi zato ba. Ɗalibi zai rubuta taken kundinsa gaba ɗaya, kalma goma sha biyar, a akwatin bincike, rumbun ya ce babu, ya tashi ya tafi yana cewa ba komai a ciki. Da na nuna musu su tsinci kalmomi biyu ko uku masu nauyi, su haɗa su, su taƙaita shekaru, sai ka ji ajin ya ɗauki hayaniya. Lambobin Agusta da Satumba sun tashi sosai. Sai dai 'yan ajin ƙarshe, waɗanda suka fi kowa buƙata, sun riga sun miƙa kundayensu.

Takardar sabuntawa ta iso a watan Oktoba, da ɗan ƙarin da kamfanoni suka saba yi duk shekara. Ƙarin ba shi ne matsalar ba. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A ɗauka, don misali kawai, kuɗin rajista dala 10,000 ne. A Janairun 2023, da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, naira miliyan 4.6 ke nan. Ƙarshen shekara, da ta doshi 900, ya zama miliyan 9. A Fabrairun 2024, da ta haura 1,400, ya wuce miliyan 14. Kaya ɗaya, ko mujalla ɗaya ba a ƙara ba. Takardarmu ta yi wata uku tana yawo daga ofis zuwa ofis, kuma kowane mako da ta ƙara a kan teburin wani, kuɗin na ƙaruwa. Kamfanin ya yi mana kara ya bar ƙofar a buɗe bayan Disamba yana jiranmu.

A zaman da aka yi a Fabrairu ma'aji ya yi tambaya ɗaya. "Malam, maƙala guda nawa ta tsaya mana bara?" Na raba kuɗin da yawan abin da aka sauke, na faɗa. Ya fi abin da mawallafi ya nemi yarinyar nan ta biya a wayarta. Wato da mun zauna muna saya wa kowa ɗai-ɗai da katin banki, da mun fi samun sauƙi.

Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan lissafin sakacinmu ya auna, bai auna buƙatar yara ba. Dubi Agusta da Satumba." Ta yi gaskiya. Shi ma ya yi gaskiya da ya ce ba zai fitar da ninki uku a kan alkawarin za mu gyara hali ba, ga dizal, ga albashi. Ni ina ganin da naira ba ta faɗi ba da an ba mu shekara ta biyu, kuma da ta yi kyau. Amma ban iya kare shekarar farko ba, kuma ita ce a kan tebur. Aka yanke a bar shi.

Abin da muka tarar a bayan gida

Sai da aka rufe mana ƙofar kuɗi muka waiwayi na kyauta da na rangwame, waɗanda suka daɗe suna jiranmu. Research4Life haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da mawallafa domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Hinari na fannin lafiya ya fara a 2002 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙirƙira da fasaha a 2009, sai GOALI na shari'a a 2018. Cibiyoyin da ba na neman riba ba suna samu kyauta ko a kan dala 1,500 a shekara, gwargwadon rukunin ƙasarsu. Da na bincika sai na tarar jami'armu ta taɓa yin rajista shekarun baya, kalmar sirrin ta bi wani ma'aikaci da ya bar aiki. Yana da nasa cikas: mawallafi na da ikon cire wata ƙasa daga mujallunsa, don haka za ka ga suna a jeri ka latsa ya ƙi buɗewa.

JSTOR, wata taskar mujallun bincike ta intanet, tun 2006 ta ɓullo da shiri na musamman domin cibiyoyin ilimi na Afirka, kuma taskarta ta tarihi da adabi da zamantakewa ba ta da na biyu, sai dai yawancin mujallunta suna tsayawa shekara uku zuwa biyar a bayan sabon fitowa. AJOL, da ya fara a 1998, yana ɗauke da mujallun Afirka, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a cikinsa. Ɗalibin da ke rubutu kan kasuwar Wuse ko manoman Gwagwalada ya fi samun abin kamawa a nan fiye da rumbun da muka biya. DOAJ, da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jerin mujallun kyauta ne da aka tace, kuma muna amfani da shi wajen raba malamai da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga ko me aka kawo. Rumbun shari'a na gida, wanda ake biya da naira kuma 'yan tsangayar lauya ke shiga kullum, shi ba wanda ya ce a taɓa shi.

Wani giɓi kuma ko da kuɗi ba ya cikuwa. Mujallu da yawa na nazarin Hausa da tarihin Arewa da ake bugawa a sassan jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato a takarda kawai suke. Ɗalibin da ya buƙace su sai ya shiga mota, ko ya sami wanda zai ɗaukar masa hoton shafukan ya turo ta WhatsApp.

Na haɗa duk waɗannan a shafi ɗaya mai sauƙin buɗewa a waya, kuma yanzu ranar ɗaya ga wata abu biyu nake fara yi: in gwada kowace ƙofa da kwamfutar ofis da kuma datar wayata, in sauke rahoton amfani in kai wa Hajiya. Sashen fasaha sun rubuta a allonsu cewa ba a taɓa IP sai an kira laburare. Ga yawancin 'yan digirin farko, abin da muke da shi yau ya wadatar, har ya fi na 2023 amfani tunda yanzu suna iya shiga.

Dakta

Wanda ya yi asara shi ne malamin tattalin arzikin nan. Shi kaɗai ya ci moriyar rumbun tun ranar farko, daga ofishinsa, bayan an tashi aiki, yana jiran hanya ta yi sauƙi kafin ya kama gida. Mujallun da yake bi na harkar kuɗi da banki ne, kuma na bara da bana yake so. JSTOR ta tsaya a baya. A Research4Life wasu na buɗewa, waɗanda ya fi so ba sa buɗewa. Kowa a jami'a ya san Sci-Hub, shafin raba maƙalolin kuɗi kyauta ba da izinin mawallafa ba, da wata 'yar Kazakistan ta kafa a 2011, wanda kotun Amurka ta yanke wa hukunci a ƙarar da Elsevier ta shigar, kuma ba aikin ma'aikacin laburare ba ne ya tura mutum can. Ko wanda ya tura kansa ma, shafin ya daɗe da rage ɗora sabbin maƙaloli.

Da ya ji hukuncin da aka yanke ya same ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, wato ni da na yi amfani da shi ni aka hukunta." Na ce, "Dakta, ka yi haƙuri." Ba ni da abin da ya fi wannan.

Abin da muke yi masa yanzu aikin hannu ne. Yakan kawo jerin abin da yake nema, in bi ɗaya bayan ɗaya. Ina duba Google Scholar ko marubucin ya ajiye kwafi a ma'ajiyar jami'arsa, ina gwada Unpaywall, manhajar da ke nemo halastaccen kwafin kyauta idan akwai, ina duba ko an fitar da ita tun tana daftari, wanda masana tattalin arziki sun saba yi. In duk ya faskara sai mu rubuta wa marubucin kai tsaye, kuma da yawa suna turowa da murna, wani cikin kwana ɗaya, wani bayan wata biyu. Hajiya ta nemi a ware ɗan kuɗi na sayen maƙala ɗai-ɗai ga malamai masu bincike, ma'aji ya ce a kawo a rubuce, an kai.

Wata tantancewar na tafe, kuma wakilin kamfanin ya sake turo farashi. Hajiya ta mayar masa da takardar da rubutun biro a gefe: a yi mana wata uku na gwaji lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rubuta kundi, a turo jerin mujallun da ke da takunkumi, a faɗi farashin rukunin kasuwanci da tattalin arziki shi kaɗai ba kwandon duka ba. Muna jiran amsa. Jerin Dakta na wannan makon yana kan teburina, maƙala goma sha ɗaya. Na samo bakwai, biyu mun rubuta wa masu su, biyu kuma na ja musu layi da jan biro.